Labulen Jimrau

"Ba a halicci ciwon da zai ɓuya mini ba," in ji Jimrau. "Daga Korahane har Tagriss, a kawo mini bisa kowace iri ce. Ba sai na buɗe bakinta ba. Kashinta kaɗai zan duba in gaya maka ranar mutuwarta."

Yana wannan magana yana tsugune a ƙofar gidana, yana murza kashin rago tsakanin yatsunsa kamar mai zaɓen goro. Ragon nawa ne. Na sayo shi don layya ban shawarce shi ba, abin da a unguwarmu bai da nisa da cin amanar ƙasa. Jimrau dillalin bisashe ne, shekara arba'in a kasuwar Dakoro, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansa da nawa. Ni malamin tarihi ne a lise, wato babbar sakandare, shi ya sa kowa ke kirana Mushe, monsieur ɗin Faransanci a bakin Bahaushe. Na yi shekara huɗu a jami'a a Yamai, amma tunda karatun bai koya mini gane rago ba, a wajen Jimrau yawo na je.

"Mushe, an cuce ka," ya ce. "Tsutsa gare shi. Dubi nan."

Na duba. Kashi na gani.

"Allah ya ba ka, Sarkin Dillalai," in ji Alhaji Jibril, mai shagon da muke zaman shayi a gabansa. Aikin Alhaji Jibril a fadarmu shi ne ya yarda da wanda ya fi ɗaga murya.

Ana cikin haka sai ga babur ya tsaya can nesa, wajen bishiyar dalbejiya. Yazidu ne, majon ƙaramin asibitin unguwarmu, wato shugaban masu jinya, kuma mijin Lailatu, ɗiyar Jimrau ta fari. Ya sauka, ya cire takalma, ya tako a ƙasa mai zafi, ya durƙusa tun da sauran taku goma. Ƙasa ya gaisar. Jimrau ya ja rawani ya rufe baki, ya juya ya amsa wa katangata. Suka tambayi juna gajiya da iyali da zafi, ɗaya yana kallon tururuwa, ɗaya yana kallon bulo, sannan Yazidu ya ja da baya har inda ya bar takalmansa.

"Kun gani?" Jimrau ya ce bayan babur ya ɓace. "Shekara goma sha ɗaya shina auren ɗiyata. Bai taɓa ganin ina tauna ba. Bai taɓa ganin kaina ba rawani ba. Ko gwiwata bai san kalarta ba, kuma haka za a kai ni kushewa. Wanga shi ne surukuta. Saura duk haya ce."

"Haya ce," in ji Alhaji Jibril.

Da Jimrau zai miƙe sai da ya kama ƙyauren ƙofata. Ya ɗan tsaya, ya shiga gidansa. Jim kaɗan na ji ƙarar buta ta bayan katanga. Karo na uku ke nan tun safe. Katanga ɗaya ba ta ɓoye buta.

Basir ne. Haka Jimrau ya ce, kuma ba wanda ya yi gardama, don a garinmu duk abin da ya sami mutum daga cibiya zuwa gwiwa basir ne, sai in mota ce ta taka shi. Kowace ranar kasuwa akwai mai magani da lasifika da ke jera alamominsa dalla-dalla, da kalmomin da in ɗalibina ya faɗe su a aji sai na kore shi. Jimrau ya sha na gora, ya sha na kwalba, ya sha na gari a fura, ya zauna a cikin ruwan saiwa. Shekara guda ta wuce. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Mutumin da ke cin ƙafar rago shi kaɗai ya koma tsakurar tuwo.

Matarsa, Uwale, ita ke wanke masa wando, saboda haka ita ta fara ganin jinin, baƙi-baƙi, haɗe da majina. Maganin abin yana nan gida huɗu daga nasu, yana hawa babur da farar riga. Amma surukuwa ba ta tarar mijin ɗiyarta da zancen wandon mijinta. Sai ta gaya wa Lailatu, ta ɗan rage. Lailatu kuma ba za ta zauna gaban mijinta tana kwatanta bayan gidan ubanta ba. Ta ce masa, "Baba dai ba ya jin daɗin jikinsa." Kafin saƙon ya isa ga majo, jinin duk ya tsiyaye a hanya. Yazidu ya aika da ƙwayoyin ƙarin jini. Jimrau ya karɓa ta hannun Uwale, ya sa albarka, ya ajiye su a kan taga.

Yazidu dai ba wawa ba ne. Ko daga taku goma, kansa a sunkuye, yana ganin ƙafa, kuma ƙafa ma tana ramewa. Wata rana da la'asar ya same ni ina gyaran takardun jarrabawa a zaure.

"Mushe, alfarma nake nema. Kai kake iya yi mishi magana."

"Ni yake iya yi wa magana," na ce. "Ba ɗaya ba ne."

"Abu uku za ka tambaya mini. Shina ganin jini? Bayan gidan ya sirance, kamar igiya? In ya gama, shina jin kamar da saura?" Ya dubi takarduna. "In ya ce i, to ba basir ba ne kawai. Dole a duba. Da yatsa ake dubawa, Mushe. Minti ɗaya ne."

Na ɗauki kwana tara ina shirin minti ɗayan nan. Na sami Jimrau shi kaɗai a inuwar zaurensa yana tufka igiya. Na fara da ruwan bana, na bi ta tsadar dusa, na ratsa ta wani malaminmu na jami'a da na ƙirƙiro, wanda ya yi irin wannan ciwo. A ƙarshe na jera tambayoyin. Bai daina tufka ba.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Mushe, kai ko sunan hanji ba ka sani ba sai da Faransanci. Wa ya aiko ka?"

Na sunkuya ina gyara takalmina.

"To, in an ce i, sai mi?"

Na gaya masa batun yatsa. Ya ajiye igiyar, ya dube ni kamar yadda ya dubi ragona.

"Yatsar wa?"

"Ba sai tasa ba. Ga babban asibiti nan cikin gari."

"Can su wa ke aiki? Ba abokansa ba? Ba tare suke shan shayi ba? Kafin in ɗaure wando labari ya kai mishi. Gobe ya durƙusa gabana shina gaishe ni, ya san abin da ke cikin wandona. Mi ya rage?"

"To Maraɗi. Can ba wanda ya san ka."

"Ba inda ba a san ni ba," ya ce. Amma ya ɗan yi tunani. "Bari layya ta wuce."

Layya ta wuce. Sai ya ce bari makiyaya su gangaro da kaka, lokacin ne kasuwa ke cika. Kaka ta wuce. Sai azumi, kuma ba a taɓa mai azumi da yatsa. Na koma wa Yazidu da amsoshin ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan aiken da ba a ba shi tukuici. Sau biyu ya rubuta takardar zuwa Maraɗi ya ba ni. Sau biyu na gan ta a kan tagar Jimrau, ƙarƙashin ƙwayoyin ƙarin jini, kada iska ta ɗauke.

Abin da ya kai shi Maraɗi ba ni ba ne. Hanjin ne ya toshe. Kwana biyar ba abin da ya fita, ko iska. Cikinsa ya kumbura kamar na saniyar da ta faɗa gonar ɗanyar dawa, ya fara amai mai wari. Da hantsi Uwale ta leƙo ta katanga, karo na farko a shekara ashirin da ta kira ni da kanta.

"Mushe, mai gidan zai mutu."

Yazidu ya kawo ambilans. Wasu ma'aikata biyu suka ɗauko Jimrau, ni na shiga baya tare da shi da Uwale. Yazidu ya zauna gaba kusa da direba. Duk tsawon hanyar nan bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Yana dai cewa gilashin gaba, "Mushe, a ɗaga mishi kai. Mushe, a duba ruwan nan ko shina ɗiga." Jimrau kuwa, tsakanin nishi da nishi, hannunsa na kan rawani kada ya zame.

A ranar aka yi masa aiki. Bayan kwana shida likitan da ya yi aikin ya zo ya tsaya a bakin gado. Mutum ne siriri, idanunsa ja, da alama tun da ya gama makaranta bai yi barci ba. Ya ga tabarau a fuskata sai ya fara yi mini Faransanci.

"Likita," in ji Jimrau, "cikin nawa ne. Yi mini da Hausa."

Likitan ya ja kujera. Ya ce ciwon daji ne, a ƙarshen babban hanji. Sun yanke wajen da ya toshe, kusan kamu ɗaya, sun fito da bakin hanjin ta gefen ciki, sun manna 'yar jakar roba. Daga yau ta nan bayan gida zai riƙa fita. Jimrau ya riga ya ga jakar.

"An gama ke nan?"

"Ba a gama ba, Baba. Ya riga ya taɓa hanta. Wancan wuƙa ba ta kai gare shi. Sai magani na jijiya, a Yamai, ko zai rage mishi gudu."

"In bisa ce, da na ce a yanka tun da sauran nama. Faɗi mini gaskiya. Irina nawa ke tashi?"

Likitan ya murza idonsa. "In an zo da wuri, tun abin bai fita daga hanji ba, cikin goma tara suna kai shekara biyar, da yawa su wuce, su manta da mu. In ya kai inda naka ya kai, cikin goma ɗaya ne. Wani lokaci biyu." Ya ƙara da cewa, "Wannan ma lissafin littafi ne, na ƙasashen da suke bin mutum har gida. Mu nan rabin waɗanda muka yi wa aiki ba su dawowa. Ba mu san ko warkewa suka yi ba, ko binne su aka yi. Sai mu rubuta ba a sake ganinsa ba."

"Da wuri ɗin nan, yaushe ne?"

"Yaushe ka fara ganin jini?"

Jimrau ya dubi silin. "Cikin goma ɗaya," ya ce. "Shekarar babban fari na riƙe garken da bai kai haka ba, kuma wadda ta rage ta haihu."

Yazidu na tsaye a baranda, bayan taga, inda ake jin komai ba a ganin kowa.

Yamai sau biyu Jimrau ya je. A na biyu ya dawo bakinsa duk gyambo, ba ya iya haɗiye ko kunu. Ya ce ya isa, in mutuwa ce ta same shi inda yake jin kukan shanu ranar kasuwa. Na tabbata a wani littafi a can an rubuta masa ba a sake ganinsa ba. Mu kuwa kullum muna ganinsa.

A fada ya ce aikin ƙaba aka yi masa. Alhaji Jibril ya ce dama ya yi zargin haka. Babbar riga tana rufe abubuwa da yawa, kuma da ita Jimrau ya koma fita, sai dai ya bar sahun gaba a masallaci ya koma can ƙarshe, kusa da ƙofa, ya kuma fara shafa turare kamar ango.

Jakar ita ce matsalar. Ana canza ta, ana wanke wajen, ana yanka bakin sabuwa daidai da bakin hanjin. Uwale ta yi iyakar yinta, amma idonta ya yi rauni. Tana yanka bakin ya yi faɗi, ƙazanta ta riƙa zubowa a fata. Cikin wata ɗaya fatar ta saluɓe, ta yi ja kamar naman da aka feɗe, jaka ta daina kamawa. Suka koma leda da tsumma. Zazzaɓi ya shigo. Na ce a kira wani ma'aikacin asibiti. Jimrau ya ce in baƙo ya gani, gari ya gani. Na ce to a kira wanda ba baƙo ba. Ya juya mini baya.

Uwale ce ta warware, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Wata safiya na shiga na tarar ta kafa ƙusa biyu a bangon ɗakin, ta ɗaura igiya ta ratsa saman gado, ta rataya wani tsohon farin rawaninsa a kai. Rawanin ya sauko daidai ƙirjin Jimrau. Kai da kafaɗu a gefe ɗaya, ciki a ɗaya gefen.

"Majo ba zai gan ka ba, ba za ka gan shi ba," ta ce. "Ciki kawai zai gani. Ciki kuwa ba suruki ba ne. Kowa na da shi."

Jimrau ya daɗe yana kallon rawanin. Sannan ya kafa sharuɗɗa, don dillali ko a bakin kabari ba ya karɓar tayin farko. Ba wanda zai ji, har abada. Ba za a ga majo yana shiga ƙofar gidansa da jakar aiki ba, sai dai ya shiga gidana, ya haura ta inda katangarmu ta zube, wajen da awaki ke bi. Kuma ba magana tsakaninsu. In da abin faɗi, a gaya wa Mushe.

Haka na sami aiki na biyu. Kowace safiya bayan an fito masallaci, kafin in tafi lise, Yazidu zai shigo gidana kamar mai kawo gaisuwa. Ya cire takalma a bakin gurbin katanga, ya haura. Ni in zauna a kan kujera daidai bakin labule, inda kowannensu ke ganina. Tsakanin hancin Jimrau da hannun Yazidu bai fi kamu biyu ba.

"Mushe, a tambayi Baba ya kwanan jiki."

"Ya kwanan jiki?"

"Gaya mishi da sauƙi."

"Da sauƙi."

"Mushe, a ce ma Baba zan ɓamɓare, zai ɗan yi zafi."

"Zai ɗan yi zafi."

"Na ji, ba kurma ba ne ni. Gaya mishi ruwan nan ya yi sanyi. Ko jaki ba a wanke wa miki da ruwan randa."

Washegari Yazidu ya zo da ruwan ɗumi a fulas. Yana wanke wajen da auduga, a hankali, ya busar, ya shafa magani, ya auna bakin hanjin da 'yar takarda, ya yanka jakar da almakashi yana karkata kai kamar tela. Tsohuwar jakar ya ƙulle ta a baƙar leda ya sa a jakarsa ya tafi da ita, kada a gani a sharar gidan. Ban taɓa ganin ya yamutsa fuska ba. Ni na yamutsa, sau da yawa, kuma duk su biyun suna ganina.

Cikin sati uku fatar ta warke. Jimrau ya ɗan yi ƙiba a fuska, ya koma zuwa kasuwa yana zama a inuwa, ana kawo masa bisashe yana yanke musu hukunci. Da yamma ya zo fada.

"An feɗe ni a Maraɗi kamar rago," yakan ce, "an ɗinke. Ga majo a gida. Amma ku tambaya, ko gwiwata ya gani?"

"Kai dai namiji ne," in ji Alhaji Jibril. Sannan, bayan Jimrau ya tashi, ya rage murya. "Amma shi ma yaron nan, Mushe. A ce surukinka na wanga hali, kana majo guda, kullum sai dai gaisuwa daga nesa? Kunya kunya ce, amma akwai rashin kula."

Na ce shayin ya yi zaƙi da yawa.

Wata bakwai muka yi haka. Na iya sunayen abubuwan da ban so in iya ba. Daga nan idanun Jimrau suka fara yin rawaya, ƙafafunsa suka kumbura, cikin ya cika da ruwa. Ya bar zuwa kasuwa, ya bar fada. Ba wanda ya gaya masa hanta ce. Shekara arba'in yana duba idon bisa.

Wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, ɗakin na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da turare. Yazidu na cikin aiki sai Jimrau ya yi gyaran murya.

"Mushe."

"Na'am."

"Tambaye shi. Da shekarar da ka sayi ragon nan mai tsutsa na zo, aka yi abin nan na minti ɗaya, da mi?"

Ban maimaita ba. Ba buƙata. Almakashin ya tsaya. Ina ganin fuskar Yazidu, ina ganin ta Jimrau, su kuwa kowanne farin ƙyalle yake gani.

"Mushe," in ji Yazidu, "a ce ma Baba kwana ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Da ya zo, da bai zo ba, duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne," na ce.

Jimrau ya yi 'yar dariyar da ta ƙare da tari.

"Ƙarya yake. Likitan Maraɗi ya ce tara cikin goma, ina ji." Ya numfasa. "Amma ya iya ta. Da dillanci ya shiga da ya ci abinci." Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. "Gaya mishi hannunsa ba nauyi."

Wannan ma ban maimaita ba. Yazidu ya manna jakar, ya bi gefenta da yatsa sau biyu, ko da yake ta riga ta kama.

Bayan kwana goma sha ɗaya Jimrau ya rasu, ranar kasuwa da hantsi, ana jin kukan shanun da ake korawa ta bayan unguwa. Uwale ce a wajensa. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Mushe," ba ta ƙara komai ba.

Kafin a sanar, kafin liman ya zo wanka, Yazidu ya haura ta gurbin katanga. Ya zauna inda ya saba. Ya cire jakar ƙarshe, ya wanke wajen da ruwan ɗumi, ya toshe da auduga, ya rufe da bandeji mai faɗi, yadda mai wanka zai ɗauka ɗinkin aiki ne kawai. Labulen na nan a rataye. Yana ta kai masa cikas, yana taɓa masa goshi.

"Ya tafi fa," na ce. "Bari in ɗage maka."

"Bar shi, Mushe."

Na bar shi.

An yi jana'iza babba. Makiyaya sun zo daga Tagriss, wasu daga Mai Yara, mutanen da ya cuta da waɗanda ya hana a cuta, duk a sahu ɗaya. A zaman makoki aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Yazidu ya zauna can gefe, a ƙasa, ba takalmi, inda suruki ke zama. Ran kwana uku, bayan an shafa addu'a, aka shiga yabon mamaci. Alhaji Jibril ya karɓe zancen.

"Irin su sun ƙare. Mutumin da har ya koma ga Allah surukinsa bai ga gwiwarsa ba. Da bakinsa ya sha faɗa mana." Aka yi ta gyaɗa kai. Sai ya juya. "Amma majo, ka yi haƙuri, gaskiya ɗaya ce. Shi ya yi nasa. Kai fa? Shekara uku mutum na narkewa gida huɗu daga naka. Ka duba na Korahane, ka duba na ƙauye, ka duba matan mutane. Uban matarka ko sau ɗaya ba ka ɗora mishi hannu ba. In ya hana, ba sai ka matsa ba? Mi amfanin karatun?"

Wajen ya yi tsit, irin shirun mutanen da aka faɗa musu abin da suke so a faɗa. Na gyara zama. Na buɗe baki, kuma ina jin da na yi magana da ta zama ita ce magana mai amfani ta farko da jami'a ta sa na yi. Yazidu ya ɗago ya dube ni. Sau ɗaya. Sannan ya mai da idonsa ƙasa.

"Haka ne, Alhaji," ya ce. "An yi sakaci."

"To," in ji Alhaji Jibril, ya ji daɗin an yarda da shi. "Allah ya kiyaye gaba."

Aka ce amin. Aka zagayo da dabino.

Washegari bayan masallaci na ji motsi a tsakar gidana. Na leƙa. Takalman Yazidu na bakin gurbin katanga, a jere, kamar kullum. Jim kaɗan ya hauro da rawanin a naɗe a hammata, da igiyar, da ƙusoshin biyu a tafin hannu. Bai gan ni ba, ko ya yi kamar bai gan ni ba. Ya tsuguna a bakin famfona ya wanke rawanin da sabulu, ya ɗauraye sau uku, ya matse. A igiyar shanyata ya shanya shi, tsakanin rigunan makarantata, inda ba mai tambayar na wane ne.

Ya sa takalmansa ya fita. Na ji babur ya tashi. Rawanin ya yi ta ɗiga a ƙasa har rana ta hau katanga.